Na nemi aiki ban faɗa ba, amsar ta faɗa wayar maigidana

Assalamu alaikum Anti. Ina koyarwa a wata makarantar kuɗi a nan Birnin Kebbi, NCE gare ni, 'ya'yana uku. Kwanakin baya wata ƙawata ta turo mini sanarwar wata ƙungiya da ke neman mata masu tattara bayanai a ƙauyuka. Ban gaya wa Baban Ummi ba, na ce bari in ga ko za su kira ni tukuna, kada in tayar da magana a banza. Da kwamfutarsa na yi amfani, don CV ɗina a ciki take. Na danna adireshin imel da ke jikin sanarwar, wani fili ya buɗe da kansa, na rubuta, na liƙa CV, na tura. Na yi ta duba Gmail ɗina a waya, shiru. Ashe wurinsa amsar ta tafi, shi kuwa yana can wajen Suru da Bunza sayen shinkafa, bai gani ba sai da ranar intabiyu ta wuce. Da ya dawo ya ajiye wayar a gabana, ya ce yaushe na fara shiga imel ɗinsa, kuma wa ya ba ni kalmar sirrinsa. Wallahi Anti ban san ta ba. Na kira ƙanena ya taɓa kwamfutar, yanzu in an danna adireshi sai Chrome ya buɗe fari fat, ba komai a ciki. Da na gwada turawa daga cikin Word kuma sai wancan filin na farko ya sake fitowa, na rufe da sauri. Shi kuma yanzu cewa yake an lalata masa kwamfuta. Gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Mi zan yi?

Maman Ummi, Badariya.

Wa alaikumus salam, Maman Ummi. Allah ya huci zuciyarsa, ya kwantar miki da taki.

Na yarda ba ki san kalmar sirrinsa ba, kuma ba rantsuwarki ce ta sa na yarda ba. Yadda kika kwatanta abin, ko kusa ba ki buƙace ta. Laifi biyu Baban Ummi yake tuhumarki da su, ɓacin rai ya sa ya ƙulle su wuri ɗaya. Ɗaya na kwamfuta ne, kuma za ki iya wanke kanki daga gare shi a gabansa kafin shayinsa ya huce. Ɗayan naki ne, babu maɓallin da zai goge shi. Bari mu fara da mai sauƙin.

Gmail ɗinki da kike buɗewa a waya yana can wurin Google, kwamfutar da ke ɗakinku ba ta da labarinsa sai an gaya mata. Adireshin nan mai launin shuɗi da kika danna, a ƙarƙashinsa akwai wata 'yar kalma da ido ba ya gani, mailto, aikinta kawai ta ce wa Windows ga wasiƙa a ba mai kaiwa. Shi kuwa Windows manhaja ɗaya aka rubuta masa a kan wannan aiki, ita yake kira kullum, ba ya tambayar wa ke zaune gaban allo. Kamar ki aiki yaro tasha da saƙon Kamba ne ba ki faɗi sunan direba ba, motar da ke kan layi za a ba, ko ta wace ce. A kwamfutar maigidanki wadda ke kan layi manhajar imel ta Outlook ce bisa dukkan alamu, tunda ita ce ta sake leƙowa daga cikin Word, kuma duk 'yan Microsoft Office ne. Ranar da aka saita masa ita an zuba mata adireshinsa da kalmar sirrinsa, aka ce ta riƙe. Tun daga ranar ba ta ƙara tambayar kowa ba. Ko Ummi ce ta danna, da sunan babanta wasiƙar za ta fita.

Za ki ce to don me ba ki ga sunansa ba. Tsohuwar Outlook, in akawun ɗaya ne a cikinta, ba ta nuna layin From, wato layin da ke faɗin mai aikawa. Wurin adireshin mai karɓa da wurin kan magana kawai take nunawa, don a lissafinta mai kwamfutar ya san kansa. Kuma in ta wannan hanya aka kira ta, filin rubutu kaɗai take buɗewa, ba akwatin saƙonni ba. Ma'ana ko wasiƙarsa ɗaya idonki bai sauka a kai ba. Su kuma mutanen ƙungiyar Reply suka danna, shi kuwa adireshin da saƙo ya fito yake komawa, ba wanda kika rubuta a saman CV ba. Ma'aikacin da takardu suka taru a gabansa ba zai tsaya gwada su biyun ba.

Ba ke kaɗai ba ce. A shagunan buga takardu ana yin irin wannan kullum, ɗalibi ya danna adireshi ya tura takardunsa da sunan mai shago ko na wanda ya riga shi zama, ya koma gida yana jiran amsa.

Ƙaninki bai lalata komai ba, rabin aiki ya yi ya tafi. Ya shiga saitin Windows ya cire Outlook daga layi ya sa Chrome. Amma Chrome burauza ne, wato manhajar buɗe shafukan intanet, ba ya kai wasiƙa da kansa sai an ba Gmail izinin karɓar wannan aiki a cikinsa. Tunda ba a ba da izinin ba, Windows ya miƙa masa wasiƙar, shi kuma ya tsaya da farin shafi bai san inda zai kai ta ba. Wasiƙun Baban Ummi na nan yadda ya bar su, ko ɗaya ba ta ɓata ba. Inda yaron ya yi ganganci shi ne a saitin da maigidan ke amfani da shi ya yi canjin. Kuma gara ma da ya tsaya nan. Da ya ƙarasa aikin, kuma a ce Gmail ɗin Baban Ummi ne aka fara shiga da shi a wannan Chrome ɗin, da wasiƙarki ta gaba ma da sunansa za ta sake fita, don in akawun biyu suna burauza ɗaya wanda aka fara shiga da shi ake ɗauka.

Abin da ya firgita ki a Word kuwa, hanya ce ta biyu, daban da ta farko, kuma nan ne har masu gyara ke rikicewa. Danna adireshi a shafi hanya ɗaya ce. Turawa daga cikin Word ko Excel, ko danna fayil da maɓallin dama na linzami a zaɓi Send to sannan Mail recipient, wata hanya ce, ta wani tsohon tsari da ake kira MAPI. Wannan tsari ba ya magana da burauza, sai da manhajar imel da aka girka a cikin kwamfutar kanta, irin tsohuwar Outlook ko Thunderbird, don fayil ne za a ɗauko daga cikin na'ura a liƙa. Canjin da ƙaninki ya yi bai taɓa wannan hanya ba, shi ya sa Outlook ta amsa kira kamar kullum. A kwamfutar da babu irin wannan manhaja sam, saƙon Turanci ne ke fitowa yana cewa "There is no email program associated to perform the requested action", mutane su ɗauka cuta ta shiga, alhali cewa kawai yake babu wanda za a ba.

Yanzu ki saurare ni da kyau, ƙanwata. Kada ki sake buɗe kwamfutar nan sai da shi a zaune. Sau biyu ke nan ana taɓa masa ita ba ya nan, in kika koma gyara a ɓoye kin ƙara na uku, ko da gyaran ya yi kyau.

Kuma ba da kwamfuta za ki fara ba. Ki lura da tambayar da ya yi miki. Bai ce don me kika nemi aiki ba, cewa ya yi yaushe kika fara shiga imel ɗinsa. Namiji yakan riƙe tambayar da yake ganin yana da hujja a kanta, ya haɗiye wadda ta fi ci masa rai. Ki tsaya a inda ya tsaya. Yana can bakin fadama, sabis ya kawo, sai ga saƙo daga mutanen da bai taɓa jin sunansu ba suna gayyatar matarsa aikin shiga ƙauyuka, a wannan zamani da kowa sai ya yi lissafi kafin ya hau hanya. A bakin baƙi ya ji labarin gidansa. Ko da a ce ta adireshinki kika tura, ranar da ya ji sai ransa ya sosu, sai dai da ke ce za ki zaɓi lokacin faɗa.

Na fahimci dalilinki. Mata da yawa haka suke yi, ba don raini ba, sai don gudun a sha doguwar magana a kan abin da watakila ba zai samu ba. Kuma neman abin da ya fi albashin makarantar kuɗi ba abin kunya ba ne, duk mun san yadda yake. Amma kin yi shawara da ƙawarki, kin kira ƙaninki, shi ne na ƙarshen sani, a kan kwamfutarsa kuma. Wannan sai an ba da haƙuri. Ki bari ya ci abinci, yara sun kwanta, ki ce, "Baban Ummi, na yi kuskure da ban shawarce ka ba, ka yafe mini." Ki tsaya nan. Kada ki bi shi da "amma", kada ki ambaci Outlook, kada ki kira ƙaninki shaida, kada kuma maganar ta kai kunnen iyaye tunda ba ta kai nan ba. In kika fara da bayanin na'ura zai ji kamar kin zo kare kanki gaban alƙali, ba zai ma ji abin da kike faɗa ba. In ya yi faɗa ki bar shi ya amayar, shirunsa ya fi faɗan nauyi. In ya sauko, a daren ko washegari, sai ki ce akwai abin da kike so ya gani da idonsa game da zancen kalmar sirri, ki roƙe shi ya ɗauko kwamfutar.

Shi zai riƙe linzami, ke faɗa kawai za ki yi. Da farko ku mayar masa da abinsa yadda yake. Ya danna maɓallin Windows tare da R, ya rubuta winver, zai ga ko Windows 10 ne ko 11. In 10 ne, ya danna maɓallin Windows da I, ya shiga Apps, sannan Default apps. A sama akwai Email, a ƙarƙashinsa zai ga Chrome, ya danna ya zaɓi Outlook. In 11 ne, a wannan shafi na Default apps akwai wurin bincike a sama, ya rubuta MAILTO, ya danna abin da ya fito, ya zaɓi Outlook. A nan ku yi hattara, don yanzu Outlook biyu ce. Akwai tsohuwar da ke zuwa da Office, akwai sabuwar da Microsoft ke turawa cikin kwamfutoci. Tsohuwar zai zaɓa, wadda ya saba da ita. In ya zaɓi sabuwar za ta ce ya shigar da akawun daga farko, ya ga fili wayam, ya ce ai ga shi an share masa wasiƙu, ku koma gidan jiya. In kun ga wata mai suna Mail kawai, ku ƙyale ta, kamfanin ya daina tallafa mata tun 31 ga Disamba 2024.

In an gama wannan, ya sake danna Windows da R, ya rubuta mailto: da ɗigo biyun nan a ƙarshe, ya danna Enter. Filin da kika gani ranar nan zai buɗe a gabansa. Ba a tambaye shi kalmar sirri ba, ba a nuna sunansa ba, ba a nuna akwatinsa ba. Ki yi shiru ki bar shi ya kalla. In yana so ya ƙara tabbatarwa, ya buɗe Outlook ɗin gaba ɗaya ya duba Sent Items, wato jakar saƙonnin da aka tura, wasiƙarki na nan da rana da lokacinta. In kuma adireshin nasa na Gmail ne, ya buɗe shi a burauza ya gangara can ƙasa ta dama, akwai ɗan rubutu Details, yana nuna lokutan baya-bayan nan da aka shiga da irin hanyar da aka bi. A shafin tsaron akawun ɗinsa na Google ma akwai jerin na'urorin da suke ciki. Ba zai ga wayarki a jerin ba.

Daga nan sai maganin gaske, wanda na fi so ki riƙe a duk abin da na rubuta. Ku daina shiga kwamfutar nan da suna ɗaya. Windows yana ba kowane mutum ɓangarensa, da fayilolinsa, da burauzarsa, da zaɓinsa na manhajar imel. Abin da aka saita a ɓangarenki ba ya taɓa zaɓin adireshi na ɓangarensa. Wanda ke da ikon kwamfutar ne kaɗai zai iya buɗe sabon ɓangare, wato shi, kuma ni hakan ya yi mini daidai, don ba za a yi ba sai da yardarsa. A Windows 10 zai shiga Accounts, sannan Family & other users, ya danna Add someone else to this PC. A 11 kuma Accounts, Other users, Add account. Za a nemi adireshin Microsoft. In ba ki da shi, ya zaɓi layin da ke cewa ba shi da bayanan shigar wannan mutum, sannan ya zaɓi ƙara mutum ba tare da akawun ɗin Microsoft ba. Ya rubuta sunanki, ki sa kalmar sirri.

Ki nuna masa ribarsa ce ta fi yawa a ciki. Mutumin da ke riƙe lissafin buhunan shinkafa da kuɗin mutane bai kamata a ce duk yaron da ya buɗe kwamfuta don kallon katun yana iya aika wasiƙa da sunansa ba. Shi ma ya sa wa ɓangarensa kalmar sirri in babu, ya saba danna Windows da L in zai tashi. Batun ko za ku san kalmomin juna kuwa, tsakaninku ne. Ni dai a halin da ake ciki zan ce ki faɗa masa taki tun bai tambaya ba. CV ɗinki da sauran takardunki ku kwashe su a filas, ko ku jefa su cikin jakar Public da ke ƙarƙashin Users, wadda kowane ɓangare ke iya gani, ki ɗauke daga can.

A ɓangarenki Chrome zai buɗe sabo fil. Ki shiga Gmail ɗinki, naki kaɗai, kada ki bari kowa ya ƙara nasa a ciki, ko ƙawa ko ƙane. In akwatinki ya buɗe, ki duba ƙarshen dama na layin da ake rubuta adireshin shafi, za ki ga wata 'yar alama ta lu'ulu'u biyu a haɗe. Ki danna ta, ki zaɓi Allow, sannan Done. Izinin da ƙaninki ya tsallake ke nan. In alamar ba ta fito ba, ki rubuta chrome://settings/handlers a wannan layi, ki tabbatar an bar shafuka su nemi wannan izini, in kuma kin ga mail.google.com a cikin waɗanda aka hana ki cire shi, ki sake loda Gmail, alamar za ta bayyana. Sannan ki koma Default apps, a ɓangarenki wannan karon, ki ɗora Chrome a kan Email ko MAILTO. Amfanin wannan mataki na biyu shi ne adireshin da kika danna a cikin PDF ko takardar Word, wanda ba a burauza yake ba, shi ma ya zo Gmail. Mai amfani da burauzar Firefox ta fi ki hutawa, a saitinsa akwai sashen Applications, ta nemi mailto ta zaɓi Gmail, an gama.

Ki gwada kafin ki yarda. Windows da R, mailto:, Enter. Gmail ɗinki ya kamata ya buɗe da filin rubutu. Ki aika wa kanki kalma ɗaya, ki ɗauki waya ki duba Sent. In tana nan, hanya ta gyaru. Wannan dubawar ki mayar da ita al'ada, da kin yi ta ranar farko da kin gane akwai matsala tun intabiyu bai wuce ba.

Hanya ta biyu, ta turawa daga cikin Word, shawarata ki bar ta kwata-kwata. In kin danna ta a ɓangarenki Outlook za ta fito tana neman ki kafa akawun, babu komai na maigida a ciki, ki danna Cancel. Na san wani zai ce miki a sa Thunderbird, kuma manhaja ce mai kyau, kyauta take, tana jituwa da Gmail, tana kuma amsa wannan hanya. Amma ga mai aika wasiƙa jefi-jefi wahala ce kawai. Ranar farko za ta fara sauke tsofaffin saƙonninki ta cinye miki data in ba a taƙaita mata ba, kuma wajen girka ta akan iya karkatar da wannan hanya ta biyu har a ɓangaren Baban Ummi, ya zo tura lissafi daga Excel ya ga baƙuwar fuska. Ba yanzu ba. Kada kuma ki yarda a ce za a cusa Gmail ɗinki cikin tsohuwar Outlook irin ta 2010 ko 2013. Tun 30 ga Mayu 2022 Google ya daina barin irin waɗannan su shiga da kalmar sirri zalla, sai an bi wasu matakai, in ba haka ba ta yi ta tambayarki kalmar tana cewa ba daidai ba ce har ki fara zargin kanki. Abin da za ki yi mai sauƙi ne. Ki adana takardarki a matsayin PDF ta Save As, ki sa mata sunanki cikakke ba "CV sabo 2" ba, ki buɗe Gmail, ki danna alamar liƙa takarda, ki ɗauko ta. Gmail na ɗaukar har megabait 25, CV ba ta kai ko kusa ba.

Tunda kina ciki, ki shiga saitin Gmail ki nemi Undo Send ki mayar da shi daƙiƙa 30, shi ne mafi tsawo da suke bayarwa. In kin tura kika hango kuskure, kina da wannan ɗan lokaci ki janye. Wani lokaci kuma bayan Windows ya sabunta kansa ko an girka sabuwar manhaja, zaɓin nan yakan koma yadda yake a da. Kada gabanki ya faɗi, wurin nan na Default apps za ki koma. In kuma winver ya nuna Windows 10, ku sani Microsoft ya tsayar da tallafinsa na yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025. Kwamfutar za ta ci gaba da aiki, amma mai harkar kuɗi a kanta ya kamata ya fara tunanin abin yi. Wannan ki bari sai an shirya kya faɗa masa.

Saura ƙungiyar. Kada ki rubuta musu sai kun gama magana da shi a kan aikin kansa, a fili. Ki tambaye shi abin da ke damunsa, nisan ne, kwana a waje ne, ko hanyar. Watakila ya ce in cikin gari ne ko kusa, irin Kalgo ko Ambursa, babu laifi. Watakila ya ce a'a ga wannan, ya yarda da wani. Ko me ya ce, kin san inda za ki nema nan gaba. In ya amince, ya turo miki saƙon nasu zuwa adireshinki don ki samu kan maganar da sunan wanda ya sa hannu. Ki rubuta gajere, layi huɗu ko biyar. Ki ce takardarki ta fita ta adireshin da ba naki ba bisa kuskure, ba ki ga gayyatar ba sai bayan ranar, ga adireshinki ga lambar wayarki, kina roƙon a tuna da ke in akwai sauran gurbi ko wani zagaye. Labarin gida ba nasu ba ne, kada ki sa shi. Kada ki ɗora rai sosai, mai yiwuwa sun riga sun cike, amma irin waɗannan ayyuka sukan dawo, kuma sun riga sun ga takardarki ta isa a kira ki. In suka amsa da cewa ki biya kuɗin fom, ko ki turo BVN da lambar da banki zai aiko miki a waya, ki nuna wa Baban Ummi saƙon, kada ki tura musu ko sisi.